Ƙafar Habu a Bakin Kogin Nilu

Sunana Isyaku, ni manomi ne a wani ƙauye gabas da Zakirai. Boko na tsaya a farkon sakandare, allo kuwa na sauke. Ban taɓa sha'awar ganin ƙasar wasu ba, kuma da ƙafar ƙanena Habu ba ta lalace ba, da har yau ban san ƙofar jirgi ba. Mota ce ta buge shi a kan babur a hanyar Gezawa, ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya ragargaje. Masu ɗori suka yi nasu, wurin ya ruɓe. A birni aka ce sai dai a yanke. Dangi suka taru suka ce a gwada Masar, aka ce ni zan raka shi saboda ni ne babba kuma ba na wasa da lokacin magani. Yadda muka bar gida ba shi ne labarin ba. Daga Alƙahira zan fara.

Zangon farko asibiti ne, kuma a nan ba ni da ƙorafi. An yi aiki, an sa ƙarfe, ƙafa ta tsira, alhamdu lillahi. Abin da ya dame ni kawai shi ne baki. Na tafi da tunanin wanda ya sauke Alƙur'ani ba zai rasa abin faɗa a ƙasar Larabawa ba. Ranar da na nemi ruwan sha da Larabcin da na sani, ma'aikaciyar ta tafi ta kirawo 'yar'uwarta, ta ce in maimaita. Na maimaita, suka riƙe ciki suna dariya. Sun kawo ruwan, amma daga ranar na koma nuni da hannu.

Zango na biyu masauki ne, domin likita ya ce mu zauna a gari yana duba ciwon har ya kama. Wanda ya samo mana ɗakin wani ɗan ƙasarmu ne mai suna Nura, tafintan da ya tare mu tun a filin jirgi. Ya ce karatu ya kawo shi, ni dai ban taɓa ganin sa da littafi ba. Ɗakin yana can saman bene, lif ɗin gidan, wato na'urar hawa bene, kuma ya mutu. Duk ranar ganin likita sai na goya Habu na sauko da shi, na goya shi na mayar. Abinci wake ne da burodi, safe da rana. Ƙarar motoci ba ta tsayawa. Habu yakan zauna bakin taga ya kalli rufin gidajen mutane, can sai ya ce, "Yaya, ko an ba Goje kanwa?"

Goje da Fari shanun huɗarsa ne, ko in ce shanun da ke hannunsa. A wajenmu mai hali yakan sayi maruƙa ya ba mutum amana. Wanda aka ba shi zai kiwata su, ya hore su, ya yi huɗa da su a gonarsa da ta mutane, ya ja amalanke, takin ma nasa ne. Amma mai su yana da ikon karɓe abinsa duk ranar da ya ga wanda ya ba ba zai iya ba. Waɗannan na Alhaji Ɗanjuma ne, dattijon ƙauyenmu. Habu ya karɓe su suna ƙanana, shi ya huda musu hanci, shi ya koya musu tafiya a kan kunya. Da su yake ci da iyalinsa. Ba shi da wata sana'a.

Wata safiya saƙon murya ya shigo daga Tukur, maƙwabcinmu mai shagon cajin waya a kasuwar Zakirai, wanda ta hannunsa muke jin gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Isyaku, gari fa ya ɗauka an yanke ƙafar Habu kuna ɓoyewa. Hoton nan da ka turo yana kwance an rufe shi da bargo, shi ya jawo. Alhaji ya ce hadari ya fara haɗowa, mai ƙafa ɗaya kuwa ba ya bin garma. Ya ce ko ya ga ƙafa da idonsa, ko ya kwance shanu ya ba Sale, mai neman shanun huɗar nan."

Habu ya ji da kunnensa. Ya juya fuskarsa bango.

Na zauna na tsara abin daki-daki. Kiran bidiyo ba zai yiwu ba, domin a ƙauyenmu sai ka hau tudun makarantar firamare waya ke kamawa, Alhaji kuwa ba zai hau tudu don kowa ba. Idonsa ma ba ya ganin abin da ke cikin waya, sai Tukur ya wanke hoton a takarda babba ya kai masa. Wayata gilashin kyamararta ya tsage, duk abin da ta ɗauka kamar a cikin hayaƙi. Sannan Tukur ya ja kunnena cewa in hoton a cikin ɗaki ne, za a ce tsoho ne, na kafin hatsari. Ke nan ana buƙatar mai hoto na sosai, da wurin da duk wanda ya gani zai san Masar ce. Na kira Nura.

"Baba, ai ka zo gida," in ji shi. "Akwai mutumina, turawa ma layi suke bi. Ku kaɗai zai ɗauka, ba haɗi da kowa. Ka kawo kafin alƙalami kawai in kama muku rana."

Na ba shi. Ranar ta zo, ya sa mu a tasi zuwa wurin dalar nan da ake nunawa a kalanda, ya ce shi yana da lacca, mutuminsa zai same mu a ƙofa. Wanda ya same mu a ƙofa raƙumi yake ja. Kyamararsa waya ce irin tawa, sai dai tasa ba ta tsage ba. Kafin in buɗe baki ya cire wa Habu hula ya naɗa masa wani ƙyalle mai datti a ka, yana ta nuna masa ya hau raƙumi. Mutumin da ke da ƙarfe a ƙafa! Na ce a'a da Hausa, na ce da Turanci, na ce da Larabcin da ake yi wa dariya. Sai ya sa Habu ya ɗaga hannu ya haɗa yatsu wai kamar ya tsinko kan dalar. Rana ta take, ƙasa rairayi, sandunan dogarawa suna nutsewa. Wani Basudane da ya ji muna Hausa ya matso muka gaisa. Na tambaye shi wannan gini na mene ne, ya ce kaburburan Fir'aunoni ne. Na ce inna lillahi. Majinyacin da ake cewa an yanke, shi zan tsayar a gaban kabari in aika gida? Na ja Habu muka juya. Mai raƙumi ya bi mu har bakin titi yana ihu sai an biya raƙumin da ba a hau ba. Hotunan da ya turo daga baya duk daga ƙirji ne zuwa sama. Nura kuwa wayarsa ta daina shiga.

A ƙasan benenmu akwai mai gadi, wani tsoho baƙi siriri da ake kira Ammu Sabir. Shi ya gan ni ina haki da Habu a bayana ranar da muka dawo, ya tare mu ya zaunar da mu a bencinsa, ya kawo shayi. Habu ya buɗe waya ya nuna masa hoton Goje da Fari. Tsohon ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro tasa wayar ya nuna mana wata baƙar saniya mai faɗin ƙaho a bakin rafi, ya dafa ƙirji. Shi ma manomi ne daga kudancin ƙasar, neman abinci ya kawo shi birni. Da hannu da 'yan kalmomi muka fahimtar da shi damuwarmu. Ya nuna ƙafar Habu, ya nuna shanu, ya girgiza kai. Washegari ya hawo bene da wani mutum mai ƙaton ciki da jakar kyamara, wanda ya ɗauki hoton bikin 'yarsa. Sunansa Magdi, yana jin Turanci daidai da nawa.

Wannan karon na ce ba za a yi mini sakaka ba. Na zaunar da Magdi na faɗa masa sharuɗɗana. Na farko, babu kabari. Na biyu, Habu a tsaye zai fito, daga hula har takalmi, babu sanda a hannunsa. Na uku, babu dariya, babu ɗaga yatsu, hoton magidanci muke so. Na huɗu, ba za a danna komai ba sai na ce a danna. Magdi ya saurara yana murmushi, ya ce, "Hajj, kai soja ne a ƙasarku?" Na ce manomi ne. Ya zaɓa mana wurare: gadar kogin Nilu mai gumakan zakuna, da wani babban masallaci na kan tudu, da wata tsohuwar ƙofar gari.

Na ari dutsen guga a wurin matar Ammu Sabir. Na fito da babbar rigar shaddar da Habu ya zo da ita don ranar komawa, da 'yar ciki, da wando, da hula zanna. Na goge takalminsa sau-ciki, na ba shi safata sabuwa.

"Yaya, safar nan tana matse mini wurin ɗinkin," in ji shi.

Na ce, "Daure. Hoton nan Alhaji zai gani, limamin gari zai gani, surukanka za su gani. Ba za ka fito kamar wanda aka tsinto a bakin tasha ba."

Ranar ɗauka mun sha wuya. A gada iska ta yi ta kumbura rigar, ina gyarawa tana tashi. Sai in karɓe sandunan in ja baya, Habu ya tsaya da ƙafarsa yana cije leɓe, in ce a danna, Magdi kuma ya ce a jira gajimare ya wuce. A masallacin kan tudu masu tsaron ƙofa suka ce babbar kyamara ba ta shiga sai da takarda, aka yi ta cacar baki, a ƙarshe daga waje muka tsaya, hasumiyoyin na bayanmu. Matasa suka taru suna kallon rigar, wasu na neman su shiga hoton, ina kora. Magdi ya yi ta cewa Habu ya saki fuska, ina cewa kada ya saki. Duk abin da ya lalace sai ya ce mini "ma'alesh", wato a yi haƙuri. Ban taɓa jin kalmar da ta gundure ni kamarta ba.

Azahar ta same mu kusa da tsohuwar ƙofar garin, muka shiga wani ƙaramin masallaci. Habu ya zauna a wurin alwala, ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando har gwiwa, yana sauke ajiyar zuciya don ya samu sauƙi. Yana cikin wanke ƙafa na ji ƙarar kyamara. Na juya na ga Magdi a durƙushe.

"Wa ya ce a danna?"

"Hajj, wannan ya fi duka kyau. Dubi hasken."

Na ce ba haske na zo saya ba. Mutum yana ibada, ƙwauri a waje, tabo a fili, a ɗauke shi kamar mai bara? Na ce ya goge. Ya ɗaga kafaɗa, ya danna wani abu, ya nuna mini. Muka yi salla muka ƙarasa aikinmu.

Hotunan da ya turo, gaskiya, ban taɓa ganin irinsu ba. Habu ya fito kamar hakimi, riga ta zauna, kogi shuɗi a bayansa. Na zaɓi uku na tura wa Tukur, na ce a wanke su manya. A ranar na ci wake da burodi har na ƙara.

Amsar ta zo muna shirin zuwa wurin likita. Muryar Tukur a sanyaye take. "Malam Isyaku, na kai. Alhaji ya sa tabarau ya duba a gaban mutane. Ya ce riga ta yi kyau, Allah ya sa albarka. Ya ce ya ga riga, ya ga wando, ya ga takalmi, amma bai ga ƙafa ba. Ya ce lokacin da marigayi Ɗanladi direba ya dawo da ƙafar roba, haka ya sa takalmi da safa ya tsaya a masallacin Idi, babu wanda ya gane. Wasu ma cewa suke safar ce shaida, don Habu bai taɓa sa safa ba a rayuwarsa. An yi ruwa a Gezawa. Alhaji ya ce in an sauko Juma'a Sale zai zo da igiya."

Na ajiye wayar. Habu, wanda tun yana yaro bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya dube ni ya ce, "Yaya, na gaya maka safar nan tana matse ni."

Na ce, "Mutunci na nema maka."

"Mutunci zai yi mini huɗa? Ƙafa aka ce a nuna, ka nuna musu shadda!"

Na fita na bar masa ɗakin, don in na tsaya zan faɗi abin da ba shi da kyau. Wayar Magdi ba ta shiga. Ammu Sabir ya kwatanta mini shagonsa, ya raka ni har bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na shiga wanda ke tafiya baya, na fita, na sake shiga, na faɗa taragon mata suka yi mini ca, na wuce tashar da zan sauka. Da na isa shagon rigata ta jiƙe sharkaf. Magdi yana cin abinci. Na ce hoton alwalar nan nake so.

Ya ajiye cokali. "Wanda ka ce in goge?"

"Shi."

"Na goge, Hajj. A gabanka."

Na ce ai ku masu hoto kuna da wurin da kuke ɓoye abu. Ya ce shi in mai aiki ya ce goge, gogewa yake yi. Na tsaya ina kallon sa. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya bi umarnina yadda na faɗa, shi ne kuma ya kashe ni. Na yi masa bayanin shanu da Alhaji da Juma'a iya Turancina. Ya daina murmushi. Ya ce gobe yana da biki, amma da safe zai ba mu ɗan lokaci a gada, kada mu makara.

Washegari da safe na sake goyo Habu muka sauko. Muka hau tasi. A gadar mutane sun fi na rannan yawa, masu zuwa aiki da masu yawon buɗe ido. Na jingina shi da ƙarfen gada kusa da gunkin zaki yadda kogin zai fito. Ba ya iya sunkuyawa, saboda haka ni na durƙusa na cire masa takalmi, na cire safa. Na tattare babbar rigar na ɗora masa a kafaɗa, na naɗe wandon har saman gwiwa, ƙafa biyu. Ta hagun ta rame, tabon ɗinki ya taso tun daga gwiwa har idon sawu, amma ƙafa ce, da yatsunta. Na karɓe sanduna na ja baya. Kafin in ce a danna, wandon ya zame ya rufe. Shadda ce mai sulɓi, ni na goge ta da hannuna. Na koma na naɗe, ya sake zamewa. Mutane suka fara tsayawa. Wata tsohuwa ta zaci bara muke, ta miƙo wa Habu tsabar kuɗi.

"Hajj, lokaci," in ji Magdi yana nuna agogo. "Riƙe masa kawai."

Na ce in na riƙe zan fito a hoton.

"Yaya," in ji Habu a hankali, "ƙafar ta fara rawa."

Na tsuguna a gabansa ta gefe, na kama wandon da hannu biyu na ɗaga. Ni da na girme shi da shekaru masu yawa, ni da yake gaishe ni a durƙushe, ga ni a gindin ƙafarsa a tsakiyar ƙasar mutane. Ban ce a danna ba. Na dai ji an danna. Da na tashi na ce a yanke ni daga ciki, Magdi ya ce in ya yanke ni hannayena za su rage a jikin wandon, mutanenmu kuma za su ce haɗi ne. Na duba, gaskiyarsa. Na tura wa Tukur yadda yake. Da na ciro kuɗi Magdi ya tura hannuna baya, ya ce a gaida shanu.

Ranar Juma'a da la'asar saƙo ya shigo, wannan karon muryar Alhaji Ɗanjuma ce da kansa, Tukur ya riƙe masa waya. Ya ce, "Isyaku, na ga ƙafa. Allah ya ƙara sauƙi. Shanu suna nan a turken Habu, ba mai kwance su. Amma ƙafar nan ba za ta bi garma bana ba, kada mu yaudari juna. Sale zai yi huɗa da su a raba abin da aka samu, kullum da yamma ya mayar da su gidan Habu. Baɗi in Allah ya kai mu ya karɓi abinsa." Ya yi tari, sannan ya ƙara da cewa, "Kai kuma Isyaku, ashe ka iya durƙuso."

Na ji dariyar mutane a bayansa kafin saƙon ya yanke. Habu ya sa aka maimaita masa, ya rufe fuska da hannu, ban sani ba kuka yake ko dariya, ban kuma tambaya ba. Na ce masa lokacin magani ya yi.

Mun dawo gida gero ya kai ƙugu. Habu bai shiga ɗaki ba sai da ya dogara sandarsa ya je turke. Ni kuwa ranar kasuwa na shiga Zakirai na tarar Tukur ya manna hoton a ƙofar shagonsa, babba, inda duk mai kawo caji zai gani. Na ce ya cire. Ya ce Alhaji ne ya ce a bar shi, don kada wani ya sake cewa an yanke.